Ɗigo Miliyan Arba'in

Shekara talatin da ɗaya na riƙe sandar safiyo,
ja da fari, ja da fari, ta ɗara ni tsawo.
Mista Boakye can nesa, ido ɗaya a rufe,
yana kaɗa hannu: Tankari, matsa hagu, tsaya nan.
Wuni guda ɗigo tamanin, in mun yi sammako,
kowane ɗigo da ƙayarsa a tafin ƙafata.
Haka muka karance Kumasi baƙi bayan baƙi,
kamar mai haddar allo, sai dai allon namu ƙasa.

Jiya Hamdiya, ɗiyar ƙanwata,
ta ɗauko ni daga Aboabo ko koko ban gama sha ba,
wai in zo in ga filin da za a gina ɗakunan ajiya
a hanyar Kenyasi, bayan masu walda.
Na san filin.
Ban ce mata na san shi ba.

Ta kafa ƙafa uku, ta ɗora wani ƙoƙon ƙarfe,
ta danna, ta ja da baya, ta ce kawu kar ka motsa.
Kan ya fara juyi kamar na mujiya,
yana feshin hasken leza da ido ba ya kamawa.
Ba sarƙa, ba ihu, ba mai shiga ciyawa.
Kafin mai rake ya gama fere mini guda
ta ce: miliyan arba'in, kawu.
Na ce na mene ne?
Ta ce ɗigo. Duk inda haske ya taɓa ya dawo da labari,
ganye, suri, tsohuwar taya, har gurbin kofato a jar ƙasa.

A inuwar kwantena ta buɗe kwamfuta.
Ga filin nan kamar an watsa gero ya tsaya a iska.
Ta juya shi da yatsa ɗaya,
tudu ya kwanta, kwari ya miƙe,
sai ga wani lotso kudu da iccen ayaba,
taƙi biyu ƙasa da abin da tsohuwar taswira ta faɗa.
Ta ce wanda ya auna nan dā barci yake yi.

Ba barci ba ne, Hamdiya.
Hadari ne ya taso daga Mampong ran wata Alhamis,
matata na naƙuda, Boakye na zazzaɓi,
na ɗora sandar a kan dutse don mu gama da wuri.
Na ɗauka ƙasa ba ta da baki.
Ashe jira take a ƙera mata harshe.

Ta yi dariya har sai da ta share hawaye,
ta gyara lambar, ba ta rubuta sunana ba.

Sannan ta nuna mini wani tsayayyen hayaƙi
mai hula, mai ɗan doro, hannu a dunƙule
kamar yana riƙe da abin da babu.
Ta ce ga ka nan.
Ta ce yanzu sai shara: a cire motoci, a cire akuya,
a cire mutane, magina tsurar fili suke so.
Ta zagaye ni da layi. Hula ta tafi, kafaɗa ta tafi,
gwiwoyin da suka hau duk tudun Asante suka tafi.

Da ta iso ga takalmana sai ta dakata,
ta matso da hoton, ta ƙara matsowa.
Ta ce nan kam na rasa iyaka, kawu,
ban san inda ka ƙare ba, ban san inda fili ya fara ba.

Na ce bar su.
Gobe katafila za ta zo,
amma a taswirar akwai ɗigo ɗari biyu da wani abu
da injiniya zai ɗauka tsakuwa ce,
ya lissafa su cikin ƙasa.